Shanun Huɗar Surukina A Jikin Bangon Aji

Ko tsufa ya sa na manta da ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tara iyayen yara a aji guda, na sa aka toshe tagogi da tabarmi, na kunna janareta da man da na saya da kuɗina, duk don kowa ya ga wautata da kyau ba tare da hasken rana ya dame shi ba. Mutanen kirki a ɓoye suke yin shirmensu. Ni sai da na aro majigi.

Ni malamin kwamfuta ne a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa. (Kwamfutar makarantar guda ɗaya ce, tana ofishin shugaba an lulluɓe ta da zani, ni kuma ina zana wa yara hotonta a allo.) In mutum ya daɗe yana koyar da abin da babu mai iya kama shi da ƙarya a kai, kansa yakan kumbura. Nawa ya kumbura har hula ta fara matse ni. Duk wanda wayarsa ta ƙi kunnuwa wurina yake zuwa, in cire batir in mayar, ya tafi yana sa min albarka. A haka na zama masani.

Shekarar da aka yi yayin mainin, wato lokacin da kowa ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya wai ana haƙo kuɗi, ni ne limamin abin a garinmu. Mai shayi yana dangwala, mai faci yana dangwala, manomi ya jingine fartanya a gindin darbejiya yana dangwala, kowa yana jiran ranar da za ta fashe. Ni kuwa na wuce matakin dangwala. Ina cikin guruf ya fi ashirin a waya, kowanne da ogansa, kowane oga ya ɗauki hoto a jikin motar da ba tasa ba, yana kiranmu 'yan uwa masu hangen nesa. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba, amma in suka ce a danna, kafin su rufe baki na danna.

Ga wanda Allah ya kare bai san walat ba: jakar kuɗi ce a cikin waya, inda ake ajiye kirifto, wato kuɗin intanet. Ba banki ba ce. Babu manaja, babu layi, babu teburin da za ka je ka yi kuka. Makullinta wasu kalmomin Turanci ne goma sha biyu, duk wanda ya san su jakar ta zama tasa. Wannan darasi ɗaya na haddace, kuma na ɗauka shi ne karatun gaba ɗaya. Na rubuta kalmomina a takarda, na naɗe a leda, na cusa a gwangwanin madara, na binne a ƙarƙashin dutsen rumbunmu. Ko Hauwa matata ba ta san wurin ba. In na wuce ta wajen rumbun nakan ji kaina kamar wani babban jami'in tsaro.

To, wata ranar kasuwa ina zaune a bas muna jiran ta cika, an matse ni tsakanin buhun gyaɗa da wani mai kaji, sai ga saƙo a ɗaya daga cikin guruf ɗin nan. Wai wani sabon kwayin, wato wani nau'in kirifto, ake rabawa kyauta, amma na mutum dubu na farko ne kawai. Nan take na danna linkin. Shafin ya ce in haɗa walat ɗina, na haɗa. Sai wani dogon rubutu na Turanci ya fito, a ƙasansa koren maɓalli na amincewa. Walat ɗin ma, Allah ya saka masa, ya fito da wani gargaɗi cikin ruwan ɗorawa. Na karanta rabin layin farko. Na ce a raina, jakar da babu komai cikinta sai tarkacen kwayin da ko kati ba za su saya ba, me za a ɗauka? Na danna. Har da ɗan kuɗin gas na biya, wato ladan da ake cira kafin a shigar da kowane aiki. (Ku lura da kyau, ni na biya kuɗin.)

Kyautar ba ta zo ba. Na yi tsaki, na danna wurin cire haɗi, na manta da zancen tun kafin bas ta kai kwanar garinmu. Irin wannan kuwa ba sau ɗaya na yi ba, ba sau goma ba.

A makarantarmu akwai Malama Rakiya mai koyar da lissafi. Ba ta da yawan magana, wayarta tsohuwa ce gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, don haka ban taɓa sa ta a lissafin masu ilmin zamani ba. Wata rana a ɗakin malamai ina ta cika baki kan yawan shafukan da na shiga, sai ta ɗago daga littattafan da take dubawa.

"Malam, duk shafukan nan da kake shiga, kana komawa ka soke izinin da ka ba su?"

Na ce, "Ai ina cire haɗi, Malama. Da na gama nake cirewa."

Ta ce, "Cire haɗi daban, soke izini daban. Cire haɗi kamar ka raka baƙo ne ka rufe ƙofa. Amma takardar da ka sa wa hannu cewa ya ɗebi hatsi a rumbunka duk sanda ya ga dama, tana nan a aljihunsa."

Na yi irin dariyar da nake yi wa ɗalibi in ya ce linzamin kwamfuta yana cizo. Na ce, "Malama, ki riƙe lissafinki, ki bar mana wannan fannin. Muddin kalmomina goma sha biyu suna hannuna, ko aljani bai isa ba."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta mayar da kanta kan littattafanta. Sai daga baya na ji cewa ta fi shekara biyar tana harkar, da ita ma ta yi wa mahaifiyarta rufin kwano. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da ban taɓa cin ko kuɗin kati ba, har mai rake ya san ni ɗan kirifto ne.

Yanzu bari in kawo ku kan Baba, wato Malam Idi, mahaifin Hauwa. Manomi ne na gaske, gonakinsa biyu, ɗaya a bayan gari ɗaya can nesa wajen fadama. Ƙarfin nomansa duk yana kan shanun huɗarsa guda biyu. Da su yake huɗe nasa, ya huɗe wa maƙwabta a biya shi. A kakar waccan shekarar ya ga sun tsufa, sai ya ɗan turke su suka yi ƙiba, ya kai kasuwa ya sayar, da niyyar in damina ta matso ya sayi matasa biyu. Haka manoman wajenmu suke yi tun kakanni. Kuɗin kuma ko a saya hatsi da su a ajiye, ko a ba wani amintaccen ɗan kasuwa ya riƙe.

Da Hauwa ta ba ni labari, sai na ji abin ya tsaya min a rai. Ta yaya ina masani a gida, surukina zai bar kuɗi naira tana cinye su? Na tura ta ta share min hanya, don mutum ba ya tunkarar surukinsa da zancen kuɗi kai tsaye. Sannan na je da kaina, na cire takalmi tun daga zaure, na zauna a ƙasa, na sunkuyar da kai, na yi masa lacca ta kusan awa guda ina kallon tabarma. Na ce akwai wani kwayin da darajarsa ke tafiya daidai da dala, in aka mayar da kuɗin can, duk tashin da shanu za su yi, kuɗin za su bi su.

Baba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam, ni ban san dalar waya ba. Amma kai na san ka."

Ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin a baƙar leda ya ajiye a gabana. Ko ƙirgawa bai ce mu yi ba.

Abin haushin shi ne da farko shawarar ta yi kyau. Na canza kuɗin suka zama dala ɗari takwas da 'yan kai, na bar su a asusuna na wata kasuwar musayar kirifto, inda kamfani ke riƙe wa mutum. Wata huɗu suna nan lafiya lau, har suka ɗan ƙaru in an auna da naira. Da na bar su a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku, mai daɗi, wanda ni ne jarumi a ciki. Amma cin nasara a ɓoye ba ya ƙosar da irina. Ina so a gani.

Sai ga taron iyaye da malamai ya zo, ana saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka. Na je na sami shugaba na ce ya ba ni minti goma sha biyar in wayar wa iyaye kai kan 'yan damfarar waya. Ya ce to. Na aro majigi a wurin wani abokina a Tsanyawa, na ɗauko shi a bayan babur kamar jariri. Na sa shaddata ta Sallah. Baba yana cikin dattawan kwamitin iyaye, don haka na san zai zo, kuma a layin gaba zai zauna. Gaskiya don shi na shirya komai.

Ajin ya cika maƙil, maza a gaba, mata a baya, malamai a tsaye jikin bango. Zafi kuwa ba a magana, ga tagogi a toshe. Na haɗa wayata da majigi, fuskarta ta fito a bango ƙatuwa, wasu tsofaffi suka gyara zama.

Na fara da zagin jahilci. Na ce yawancin waɗanda ake cuta su suke jawo wa kansu, don ba sa neman ilmi wurin masu shi. Ban tsaya nan ba, sai da na kawo misali da Sabi'u mai faci, yana zaune a layi na uku. Kowa ya san wata da ya haɗu da ita a waya, mai hoton larabawa, ta yi wata biyu tana kiransa masoyi, ta karɓe kalmominsa goma sha biyu ta kwashe ɗan abin da ya tara. Na ce, "Irin su Sabi'u ko kuɗin duniya ka ba su, a kwana uku za su miƙa wa mai kyakkyawan hoto." Aka yi dariya. Sabi'u ya sunkuyar da kai. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Daga nan na shiga babban darasi. Na ce barin kuɗi a hannun kamfani kamar barin sa ne a hannun dillali, in ya gudu ka shiga uku. Mai hankali a jakarsa yake riƙe abinsa, makulli a hannunsa. (Wannan maganar ba ƙarya ba ce. Bakin da ya faɗe ta ne matsalar.) Na ce yanzu a gabanku zan ɗauko kuɗin wani bawan Allah, dattijon arziki da ya yarda da ilmi, in mayar da su walat ɗina inda ko aljani bai isa ba. Ban faɗi suna ba, amma na kalli Baba, kowa ma ya kalle shi. Garinmu ba a ɓoye cinikin shanu.

Ina cikin kwafo adireshin walat ɗin sai na ji murya daga jikin bango.

"Malam, wannan ba shi ne walat ɗin da kake shiga shafukan kyauta da shi ba?"

Malama Rakiya ce. Na ce shi ne, sai me?

Ta ce, "Don Allah tura dala ɗaya tukuna, mu ga ko za ta zauna."

A gaban surukina. A gaban iyayen yara. Mace mai fasasshiyar waya tana gyara min karatu. Na yi murmushi na ce, "Malama, in an zo darasin lissafi za mu neme ki." Aka sake yin dariya, har da shugaba. Na danna wurin da ke cewa a tura duka, na sa lambar sirri, na tura.

Netwok ɗin garinmu sai an lallaɓa shi, don haka muka yi jiran kusan minti biyu, ina riƙe da waya sama kamar mai kiran ruwa. Can sai ga lambar ta fito a bango, dala ɗari takwas da 'yan kai, kowane harafi ya kai tafin hannu. Aji ya ɗauki tafi. Wani dattijo ya ce masha Allah, wato shanun Malam Idi ne waɗannan a jikin bango. Na saci kallon Baba, na ga yana ɗan murmushi yana shafa gemu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin ya yi min irin wannan kallon ba.

Na juya wa bangon baya, na fuskanci jama'a, na buɗe hannuwa, na fara bayanin gwangwanin madara (ban faɗi inda yake ba, ai ni mai tsaro ne). Ina tsakiyar jimla sai na lura babu mai kallona. Duk idanu sun wuce ta saman kafaɗata. Tafin ya mutu. Wata mata a baya ta ce, "Malam, lambar ta canza."

Na waiga. Sifili, ɗigo, sifili, sifili.

Na ce, "Netwok ne." Na ja fuskar wayar ƙasa ta sake lodawa. Sifili. Na sake ja. Na je bakin taga na ɗaga tabarma na miƙa hannu waje, igiyar majigin ta biyo ni tana jan tebur. Sifili. Na ce wani lokacin manhajar takan yi haka in ta yi zafi, na hura mata iska da bakina. Wallahi na hura. Mutum sama da ɗari suna kallo, malamin kwamfuta yana hura wa waya iska kamar mai fifita koko.

Sai na taɓa wurin tarihin shige da fice, shi ma ya fito a bango. Layi biyu ne kawai. Na farko kore, kuɗi sun shigo. Na biyu ja, kuɗi sun fita zuwa wani dogon adireshi da ban taɓa gani ba. Tsakaninsu ko minti ɗaya babu. Ba sai ka yi boko za ka gane bambancin kore da ja ba.

Gumi ya jiƙa shaddar tun daga wuya har ƙugu. Na ji bakina yana cewa, "Amma kalmomina suna ƙarƙashin rumbu." Ga shi nan, na faɗi wurin ma.

Malama Rakiya ta ratso mutane ta zo. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Kawo wayar, Malam." Na miƙa mata kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta buɗe wani shafi da ake duba izinin da walat ya taɓa bayarwa, ta sa adireshina. Jeri ya sauko a bango, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha bakwai. A gaban kusan kowanne an rubuta kalma guda, ta fassara wa jama'a: ba iyaka.

Ta nuna layi na tara da yatsa ta ce, "Ga wanda ya ɗauka. Wata goma da suka wuce Malam ya sa masa hannu cewa yana iya cire irin wannan dalar daga jakarsa, ko nawa ce, ko yaushe. A lokacin babu komai a ciki, shi ya sa bai damu ba. Su kuma ba sa gaggawa. Na'ura suke sawa ta yi gadin jakar dare da rana, ranar da kuɗi suka shigo ta kwashe. Ba su buƙatar kalmominsa, shi ya ba su izini."

Wani dattijo ya tambaya, "To, ba za a bi sawu ba?"

Ta ce, "Sawun ga shi nan a bango, kowa yana gani. Mai sawun ne ba a sani ba, kuma abin da ya fita ba ya dawowa."

Sauran mintunan da shugaba ya ba ni, ita ta yi amfani da su. Ina tsaye a gefe kamar sandar tuta ta gaya wa iyayen yara abin da ya kamata in gaya musu. Ta ce jakar wasa daban, jakar ajiya daban, wadda ake ajiya a ciki ba a haɗa ta da kowane shafi. Ta ce in shafi ya nemi izini, a karanta a ga izinin me yake nema, kuma a rubuta masa iya adadin da za a yi aiki da shi, kada a bar masa ba iyaka. In an gama a koma a soke. Kuma duk wanda zai tura kuɗi masu nauyi ya fara tura kaɗan ya gani. Tsofaffin da ko waya ba su da ita suna ta gyaɗa kai, don duk wanda ya taɓa ba wani makullin rumbu ya gane zancen.

Sai ta ce bari a soke sauran goma sha shidan da na taran, kada gobe a sake. Nan ma aka tarar kowace sokewa sai an biya ɗan kuɗin gas, ni kuma abin da ya rage min bai kai ba. Ta ciro fasasshiyar wayarta ta turo min. Shi ma ya fito a bango, kore.

A nan ne Sabi'u mai faci ya ɗaga hannu, cikin ladabi, kamar ɗan aji ɗaya. Shugaba ya ce ya yi magana.

Ya ce, "Ni tambaya ce da ni. Ni dai aƙalla sai da aka yi wata biyu ana ce min masoyi kafin a kwashe. Shi Malam me aka ce masa?"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Mata a baya suna toshe baki da mayafi, shugaba ya juya yana tari na ƙarya. Ban ji haushin Sabi'u ba, ko kaɗan. Ni na ranta masa, ya biya ni a gaban shaidu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya jira hayaniyar ta lafa, sannan ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na zama surukinsa.

"Malam, shanun sun tafi ke nan?"

Na ce, "Sun tafi, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya mayar da alheri." Ya tashi, ya ɗauki takalmansa a bakin ƙofa, ya fita. Janareta yana ta ruri a waje, sifilin yana nan a bango, babu wanda ya tuna ya kashe majigin.

Hauwa ta riga ni jin labari, don kafin in ɗaure majigi a babur zancen ya shiga kowane gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye min abinci ta ce, "Ni ce na je na ce masa ya yarda da kai." Ta shige ɗaki. Abincin nan ban iya ci ba.

Na koma guruf ɗin da aka turo linkin don in yi ƙorafi. Oga ya ce laifina ne da ban yi bincike ba, sannan ya cire ni. Kafin yamma mutum uku sun turo min saƙo cewa su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, in biya kuɗin aiki kawai. Har na fara rubuta wa ɗaya amsa. Na faɗa muku ne don ku san wautar ba a rana ɗaya take sakin mutum ba.

Na sayar da babur ɗina. Abin da aka ba ni sa ɗaya ya saya, shi ma ba wani ƙato ba, don shanu sun tashi kamar yadda na yi hasashe (a nan dai na yi gaskiya, sai ku rubuta min). Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Dole Baba, mutumin da ake layi a ƙofar gidansa ana roƙon ya zo ya yi huɗa, ya haɗa nasa da na wani maƙwabci suna yi bi da bi. Gonar bayan gari ta samu a kan lokaci. Ta fadama kuwa layi bai zo kanta ba sai da ruwa ya yi nisa. Na ɗauki garmar hannu na je in taimaka, ni da tafin hannuna bai san abin da ya fi alli nauyi ba. Kwana uku na yi, hannuwa suka fashe, layukan da na yi suka karkace kamar tafiyar maciji. Baba ya zo ya duba, ya ce sannu da ƙoƙari, washegari na hango shi da sassafe yana gyara su shi kaɗai.

Har yau bai taɓa tayar min da zancen ba. In na je gaishe shi yakan amsa kamar da, ya tambayi makaranta, ya tambayi yara. Na sha fatan ya zage ni ko sau ɗaya in samu in huta.

Da kaka ta zo, gonar fadama ba ta ba da rabin abin da ta saba ba. Kowa ya ga rumbunsa na biyu bai cika ba. Ina zaune a ƙofar gida da yamma sai ga amalanke, sa ɗaya yana ja, an ɗoro dami shida na sabon gero. Baba ne ya aiko wa 'yarsa, kamar yadda yake yi duk shekara, ko ɗaya bai rage ba. Hauwa ta tsaya tana kallon damman nan, ta kasa cewa a shigo da su. Ni na shigo da su, ɗaya bayan ɗaya, a kaina.

Tuwon geron nan muka ci har watan azumi. Abin da na koya ba shi da yawa. Ɓarawon zamani ba ya fasa ƙofa, takarda yake miƙo maka cikin ladabi, kai kuma ka sa hannu don kana sauri kada a riga ka cin banza. Yanzu ko takardar halartar taro aka miƙo min a makaranta, sai na karanta ta tun daga sama har ƙasa, malamai suna tsaki suna jiran biro. In kuma wani ya zo da tambayar kirifto, nakan nuna masa teburin Malama Rakiya, in ce ni batir kawai na iya cirewa.